A Bar Yara Su Gina Gidan 'Yar Tsana da Hannunsu

Kaka ta yi, an kwashe amfanin gona, kara ya bushe a gonaki da bayan gari, hutun ƙarshen zangon farko kuma ya ƙarato. A irin wannan lokaci ne, zamanin ƙuruciyarmu, mu da yanzu muka ba arba'in baya, muke zama a gindin katanga da hantsi muna shan rana saboda sanyin hunturu, kowa da tarin karan dawa a gabansa. A ɓare kara da haƙori, a fitar da totuwa, a yanka ta gunduwa-gunduwa, a riƙa soke ta da ɓawon karan, kafin azahar sai ga mota, ga gado, ga tabarau, wani gwanin ma har jirgin sama. 'Yan mata kuwa sai su share wani lungu na tsakar gida su kafa wa 'yar tsana ɗaki. Ita kanta 'yar tsanar sau da yawa ƙashin ƙafar rago ce da aka adana tun Babbar Salla, aka liƙa mata gashi, aka yi mata kitso, aka ɗaura mata ƙyallen da aka roƙo a wurin tela. A yi mata jere da murafen kwalba, a girka mata tuwon ƙasa a gwangwanin madara, in ta kama har biki ake yi mata. Babu wanda ya saya mana ko ɗaya daga cikin waɗannan abubuwa, babu kuma babban da ya tsaya a kanmu yana cewa gininmu ya karkace.

Abin da ya tuno mana da wannan kuwa, 'yan uwa malamai, wani kuskure ne da muka tafka a makarantarmu, wanda muke zaton ba mu kaɗai muka taɓa yin irinsa ba. Shekarun baya aka sanar da mu cewa za a zo duba kayan koyarwa da malamai suka ƙirƙira da kansu. Muka yi karo-karo daga aljihunmu, muka sayi katako marar kauri da fenti, muka kai wa kafinta ya yanka mana. Kwana uku muna tsayawa bayan an tashi, har muka tayar da gidan 'yar tsana mai ɗaki huɗu, da labule, da kujeru, da ƙofar da take buɗewa ta rufe. Baƙi suka zo suka yaba, suka ɗauki hoto, suka sa hannu a littafin baƙi. Da suka tafi sai muka dubi juna muka ce abu mai kyau haka bai kamata yara su lalata shi ba, aka ɗora shi a kan kabad a ofishin hedimasta. Yaran ajin share fagen shiga firamare, waɗanda muka ce domin su muka yi shi, ba su taɓa sa masa hannu ba, sai dai in an aiki ɗayansu karɓo alli ya ɗaga kai ya kalla. Ƙura ta rufe shi, gizo-gizo ya tare a falo, daga baya ɓeraye suka cinye labulen. Mun hana yara su ɓata shi, amma ɓera bai nemi izininmu ba.

Da muka bi tarihin abin, sai muka ga ashe tsohuwar cuta ce. Gidajen 'yar tsana da suka fi shahara a duniya ba na yara ba ne. A birnin Amstadam na ƙasar Holan, wata matar attajiri mai suna Petronella Oortman ta shafe shekaru, daga wajen 1686 zuwa 1710, tana ƙawata wani gidan 'yar tsana da kayan da ta sa gwanayen masu sana'a suka yi mata musamman, har ana cewa kuɗin da ya ci ya isa a sayi gidan gaske a birnin. Yanzu yana babban gidan tarihin ƙasar, a bayan gilashi. A Ingila kuma an kammala wani a 1924 domin Sarauniya Mary, wanda mashahurin mai zanen gine-gine Edwin Lutyens ya tsara, da wutar lantarki da ruwan famfo masu aiki, yana nan a fadar Windsor masu yawon buɗe ido suna kallo. Waɗannan ayyukan gwaninta ne, ba mu musa ba, amma na manya ne domin burge manya. Namu na kan kabad ƙaninsu ne, sai dai talauci ya bambanta su.

Ra'ayinmu a yau shi ne, amfanin gidan 'yar tsana ga yaro yana cikin ginin ne da kuma wasan da zai biyo baya. Gidan da aka gama aka miƙa masa, ko na roba ne da aka sayo a kanti da tsada, ko na katako da malami ya ƙera, ya riga ya cinye rabin darasin kafin ya iso hannunsa. Wanda kuma ya yi kyau har ana tsoron ya taɓa shi, wannan ya cinye darasin duka.

Ga abin da muka gani da idonmu bayan mun sake shawara. Muka kawo kwalayen taliya da na sabulu daga shagon unguwa, da kara, da laka, da ƙyallaye, muka zaunar da yara 'yan shekara biyar zuwa shida a kan tabarma rukuni-rukuni. Wata yarinya ta zana ƙofa a jikin kwali, aka yanka mata, ta zo shigar da 'yar tsanarta, kai ya ƙi shiga. Ta tura, ta karkata ta, ta kwantar da ita, abu ya faskara. Har hannunmu ya yi ƙaiƙayin gyara mata, muka daure. Can sai ta tsayar da 'yar tsanar a jikin kwalin, ta ɗora yatsa a saman kanta, ta ja layi da gawayi, ta ce a ƙara yankawa zuwa nan. Wannan shi ne awo. Mun sha rubuta “tsawo” da “gajarta” a allo yara suna maimaitawa da ƙarfi har maƙwabta su ji, amma ba mu taɓa tabbatar da cewa ya shiga ba kamar yadda muka tabbatar a ranar. Wani yaro kuma ya jera kara zai yi rufi, karan ya gaza kaiwa bango zuwa bango, ya faɗa ciki. Sau uku yana faɗawa kafin ya koma tarin ya zaɓo masu tsawo yana gwada su da juna. Masu gina irin waɗannan gidaje a ƙasashen Turai suna da ƙa'idar da suka fi bi, inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya, wato kashi ɗaya cikin 12 na girman gidan gaske, kuma da ita aka gina na Sarauniya Mary. 'Yan aji biyar da shida za su iya aiki da wannan ƙa'ida da rula, darasin lissafi ne cikakke. Ƙananan kuwa taƙinsu da yatsunsu sun ishe su.

Sai maganar hannu. Duk wanda ya taɓa riƙe aji ɗaya ya san yaron da yake damƙe fensir kamar muciya, ya danna har takarda ta huje, kafin ya gama layi ɗaya ya gaji ya fara kuka. Mukan ce rago ne, alhali yatsun ne ba su yi ƙwari ba. Murza laka, da yaga ƙyalle, da soke totuwa da tsinke, da riƙe almakashi, su ne suke horar da yatsun nan da za su riƙe alƙalami gobe. Mu da muka tashi muna ɓare kara mun isa makaranta da hannuwan da suka riga suka saba aiki. Yaran yanzu, har da namu na gida in za mu faɗi gaskiya, da yawansu yatsa ɗaya suke motsawa, a kan gilashin wayar uwa.

Aikin kansa ba shi da wuya, kuma iyayenmu mata da suke karanta wannan mujalla a gida sun fi mu saninsa. A samu kwali mai ƙwari a cire masa gefe ɗaya domin hannun yaro ya shiga ya fita, ko kuma a shimfiɗa faffaɗan kwali a matsayin fili a ɗora ɗakuna a kai. Idan da laka za a yi, a cuɗa ta da yankakkiyar ciyawa kamar yadda magina suke yi, a bar kowane sahu ya sha iska kafin a ɗora wani, a shanya a inuwa domin rana mai zafi tana tsattsage ta. Ba sai an sayi gam ba: ƙaro da aka jiƙa ya kwana, ko garin rogo da aka dama ya yi kauri, suna liƙe takarda da ƙyalle. Kwalin ashana gado ne, biyu a haɗe akwati ne, murfin kwalba faranti ne, ɓawon gyaɗa ludayi ne. Farar ƙasa da jar ƙasa da shuni da gawayi sun isa ado. Aikin babba a nan kaɗan ne: shi zai riƙe reza ko wuƙa ya yanka inda yaro ya nuna, shi zai kakkaɓe karan kafin a shigo da shi saboda kunama tana son kwanciya a cikin tarinsa, shi zai kawar da gwangwani mai kaifin baki. Kada a fasa tsohon batir don a samu baƙi, kada kuma a yi amfani da ragowar fentin mota. In akwai ƙanin da bai kai shekara uku ba a wurin, a nesanta maɓalli da 'yan duwatsun wuya da murafen kwalba, domin komai bakinsa yake kaiwa. Bayan wannan sai babba ya naɗe hannu, wanda shi ne mafi wuyar aikin ga malami.

Akwai wani abu da ba mu yi tsammani ba, kuma a nan ne za mu ɗan daɗe. Da muka tambayi yaran wane irin gida za su gina, da yawansu sun ce mai bene, mai gareji, irin na talabijin. Ba mu hana ba. Amma a gefe ɗaya daga cikinmu ta zauna da laka ta fara tayar da zaure, ta bar fili a tsakiya, ta yi madafa da murhu mai duwatsu uku, ta kafa rumbu a kusurwa. Yara suka kewaye ta suna tambaya. A nan muka gane cewa yaran da aka haifa a cikin gari, a gidan haya mai ɗaki da falo, ba su san azara ba, ba su san indararo ba, ba su taɓa jin zanko ko daɓe ko makuba ba. Wani ya ce zanko kunnen gida ne. Muka yi dariya, amma dariyar ba ta yi nisa ba, domin mu ne muke koya musu Hausa a jadawali, kuma kalmomin nan suna mutuwa a hannunmu. Kalma ba ta zama a kan yaro in babu abin da za ta rataya a jikinsa. Yaron da ya jera tsinke a kan bangon laka aka ce masa wannan ita ce azara, a gidan gaske daga itacen giginya ake tsaga ta domin gara ba ta cika cin ta ba, ya samu kalma da ilimin ƙasa a zama ɗaya. A bugunta na 2013, Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a koyar da yaran wannan mataki da harshen uwa ko harshen da ake yi a muhallinsu, kuma ba mu san wata hanya da ta fi wannan sauƙin cika tanadin ba.

Idan an gama gini aka shiga wasa, malami mai kunne yakan ji abin da rajista ba ta gaya masa. Yaro yana magana da bakin 'yar tsana abin da ba zai faɗa da nasa ba. Mun ji wadda ta fitar da 'yar tsanarta waje ta rufe ƙofa ta ce an kore ta. Mun ji wanda ya kife tukunya ya ce yau ba a ɗora ba, sai gobe. Ba muna cewa malami ya zama mai duba yana fassara kowane motsi ba, domin yara suna kwaikwayon abin da suka gani a fim da na maƙwabta, suna kuma ƙirƙirar nasu. Amma in magana ɗaya ta yi ta dawowa a bakin yaro ɗaya, ta isa ta sa a lura da shi, a duba ko ya karya kumallo, a nemi uwarsa a gaisa cikin mutunci.

Mun san akwai masu ja, kuma ba mu raina hujjarsu ba. Na farko iyaye ne da suke cewa karatu suka kawo 'ya'yansu, ba wasan ƙasa ba. Uban da ya ɗinka yunifom da ƙyar yana da haƙƙin ya tambaya, musamman in yaro ya koma gida da laka a riga babu komai a littafi. Amsarmu gare shi ita ce, koyarwa ta hanyar wasa a wannan mataki ba son ran malami ba ne. Ita Manufar Ilimi ta Ƙasa, wadda bugunta na 2013 ya sanya shekara ɗaya ta share fage a cikin ilimin tushe, ita ce ta ce wasa ya zama babbar hanyar koyarwa a nan, ta kuma ambaci kayan wasa a cikin abubuwan da ake tayar da basirar yaro da su. A kwalejin ilimi mun haddace Froebel, Bajamushen da ya raɗa wa makarantarsa ta ƙananan yara suna lambun yara a 1840, mun haddace Maria Montessori da Gidan Yara da ta buɗe a birnin Rum a 1907, mun rubuta su a jarrabawa mun ci. Sannan muka fito muka jera 'yan shekara biyar a benci muna sa su kwafar haruffa daga safe har tashi, saboda shi ne abin da ake iya nunawa in an zo duba aiki. Kakanninmu da ba su ji sunan Froebel ba sun riga sun ce wasa farin girki.

Na biyu masu ganin cewa 'yar tsana ta shiga hukuncin mutum-mutumi. Wannan fage ne na malaman addini, amma sananne ne cewa ya zo a Bukhari da Muslim Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana da 'yan tsana da take wasa da su tare da ƙawayenta, kuma Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ta ba. Malamai da dama sun kafa hujja da wannan wajen sauƙaƙa wa yara. Ta gargajiyarmu ta ƙashi ko ta kara ma ko fuska ba ta da ita. Duk da haka, uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba a girmama shi, ɗansa ya gina gidan ya zuba masa kaya, babu abin da ya ragu.

Na uku iyaye maza ne da suke ɗaure fuska in sun ga ɗansu namiji a wurin, wai wasan mata ne. Abin mamaki, a ƙasar Hausa gini sana'ar maza ce mai sarauta, akwai Sarkin Magina, kuma har yau ana ambaton Babban Gwani da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, wanda masana gine-gine suke zuwa daga nesa su kalli bakan gizonsa na laka. Yaron da ya zauna yana lissafin yadda rufi zai tsaya a kan bango huɗu ɗan gidan wannan sana'a ne. Haka ita ma yarinya, kada a ce nata jere ne kawai da shara, a ba ta kara ta yi rufin da kanta.

Saura magana ta ƙungiya, domin wannan shafi namu ne. Tun muna gwajin koyarwa ake karanta mana cewa malami nagari yakan ƙirƙiri kayan aiki daga abin da ke kewaye da shi. Gaskiya ne, kuma duk abin da muka faɗa a sama goyon bayansa ne. Amma mun ga yadda wannan kyakkyawar magana takan zama mayafin da ake rufe gazawa da shi: a bar aji babu komai, in malami ya yi ƙorafi a ce masa ya ƙirƙira. Kara da laka kyauta ne. Almakashi marar tsini na yara ba kyauta ba ne, haka tabarmar zama, da bokitin wanke hannu, da kabad ɗin da za a ajiye aikin yara a cikin ajinsu, da ƙofar da za ta kulle domin awaki su bar shi ya kwana. Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta haɗa da kula da ƙananan yara kafin firamare, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun tattara kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin tallafa wa ilimin tushe, kuma a cikin rabon kuɗin akwai kason kayan koyarwa. Saboda haka malamar da take raba albashinta tsakanin cefane da sayen almakashi tana biyan bashin da ba ita ta ci ba. Sannan malama ɗaya ba za ta iya lura da reza da laka a cikin aji mai cike maƙil ba, tana buƙatar mataimakiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, ko da jinkar gidan 'yar tsana ce.

Muna roƙon shugabannin reshe su sa wannan a cikin ajandar taro mai zuwa: a nemi hukumomin ilimi su samar da waɗannan 'yan kayayyaki ga kowane ajin share fage, a kuma nemi masu duba aiki su riƙa tambayar abin da yara suka yi da hannunsu, ko da ya karkace, maimakon abin da malami ya ƙera aka jera a ofis. Kwamitocin kula da makarantu da ƙungiyar iyaye da malamai za su iya karɓo kwalaye daga masu shaguna da ƙyallaye daga teloli ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Mu dai a makarantarmu mun riga mun sauko da na kan kabad. Mun kakkaɓe shi, mun cire ƙusoshin da suka fito, mun kai shi ajin, kuma a cikin mako ɗaya ƙofar nan mai buɗewa ta ɓalle. Wani yaro ya maye gurbinta da guntun kwali da zare, tana nan tana aiki. Mun gaya wa yaran cewa ranar da aka dawo hutu kowa ya zo da kara goma da kwalin ashana ɗaya, mun kuma keɓe darasin ƙarshe na kowace Alhamis domin ginin.